Tunda tumbi yana narkar da nama, me ya hana shi narkar da kansa?

Uwar Tagwaye:

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Tambayoyi biyu gare ni, ta farkon kuma daga bakin yaro ta fito. Ɗana ne ke karatun jarabawa, ya zo kan babin narkewar abinci, ya ga an rubuta cewa akwai wasu sinadarai da ake kira enzayim, su ne ke farfasa nama a cikin tumbi. Sai ya ɗago kai ya ce, "Mama, to shi tumbin ba nama ba ne? Ai ko tumbin dabba aka dafa muka ci narkewa yake yi. Me ya hana namu narkewa?" Na ce masa ikon Allah ne. Ya ce ya sani, amma ta wace hanya?

Ta biyu tawa ce. In na sha madara kofi guda, ba a rufa awa biyu cikina ya fara ƙugi, ya kumbura, wani lokaci har da gudawa. Ina yarinya ba na haka. Ga shi ko'ina na duba a intanet tallan ƙwayoyin enzayim nake gani, wai dafa abinci yana kashe enzayim ɗin da ke cikinsa, shi ya sa ciki ke wahala. Gaskiya ne? In saya?

Ɗan Baiwa:

Hajiya, asid ne ke yin komai a ciki, shi ke ƙona abinci ya narke. Ni shawarata ki daina shan ruwa lokacin cin abinci, don ruwa yana tsinka asid ɗin. Tun da na daina na ji sauƙi.

Tsohon Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam, Uwar Tagwaye. Ki gaida min yaron nan, ki gaya masa ba shi ya fara ba. Wani likitan tiyata a Landan, John Hunter, ya yi rubutu a kan wannan tun 1772, bayan ya lura cewa in an buɗe wasu gawarwaki akan tarar tumbinsu ya fara cinye kansa. Ashe tumbi yana iya narkar da kansa. Abin tambaya shi ne me ke hana shi muddin mutum yana da rai.

Ɗan Baiwa, ka yi haƙuri, ba asid ke yin komai ba. Ka jefa yankan nama a ruwa mai ƙarfin asid irin na tumbi ka bar shi, zai kumbura ya yi laushi, amma ba zai narke da wuri ba. Enzayim ne mai yankan.

Shi enzayim furotin ne da jiki ke ƙerawa don ya hanzarta abin da in an bar shi zai ɗauki lokaci mai tsawon gaske. Abincin da muke ci dogayen sarƙoƙi ne: sitaci ƙwayoyin sukari ne a jere, furotin kuma ƙwayoyin amino asid ne a jere, kuma bangon hanji ba ya tsotsar sarƙa sai an tsinke ta. Enzayim yakan kama mahaɗa ɗaya, ya cusa ƙwayar ruwa a wurin, mahaɗar ta tsinke, ya saki ya kama ta gaba, shi kuma ko gezau. Sai dai kowanne da siffarsa, da irin mahaɗar da ta dace da shi. Mai yanka sitaci ba ya taɓa nama, mai yanka nama ba ya taɓa maiƙo. Kowanne kuma da irin ruwan da yake aiki a ciki: wani sai a tsami, wani tsami ke lalata shi. Ki riƙe wannan, don rabin amsar yaronki a nan take.

Ga abin da nake sa ɗalibaina su yi, ku gwada shi a gida. Ki dama sitaci ɗan kaɗan a ruwa mai yawa, ya yi tsululu, ki tafasa, ki bari ya huce ya rage ɗumi-ɗumi. Ki raba shi ƙananan kofuna uku. Na farko ki bar shi haka. Na biyu yaron ya tofa yawu a ciki, ya tofa sosai. Na uku ki fara zuba ɗan ruwan khal, wato binega, kafin ya tofa. Bayan kamar minti 20 ki ɗiga wa kowanne aidin, irin na wanke ciwo. Na farko nan take zai koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi, don haka aidin ke yi in ya haɗu da sitaci. Na biyu zai tsaya ruwan ƙasa-ƙasa, don amiles, enzayim mai yanka sitaci da ke cikin yawu, ya riga ya gutsuttsura sitacin. Na uku kuma baƙi zai yi kamar na farko, ga yawu a ciki amma bai tsinana komai ba. A zubar da su bayan an gama, ba na sha ba ne. Yara sun fi son ɓangaren tofa yawun, amma kofi na uku shi ne darasin: abin da binega ya yi wa amiles a kofi, shi asid ke yi masa in loma ta isa tumbi. Yakan ɗan ci gaba da aiki a tsakiyar lomar, inda asid bai ratsa ba tukuna, daga nan nasa ya ƙare.

A tumbi ma'aunin tsami, wato pH, yakan sauka tsakanin 1.5 da 3.5, alhali na ruwan sha yana wajen 7. Asid ɗin yana kashe ƙwayoyin cuta, yana warware furotin da ke a nannaɗe don a samu wurin yanka, sannan yana tayar da fefsin, wanda shi ne mai yanka nama. Kuma nan ne gizo ke saƙa. Ƙwayoyin halittar da ke ƙera fefsin ba sa ƙera shi a shirye. Suna fitar da shi ne a matsayin fefsinojin, da wani ɗan guntun furotin a toshe a bakin da yake yanka da shi. Wuƙa ce a cikin kube. Sai ya bar ƙwayar da ta ƙera shi, ya shiga cikin asid, sannan guntun ya fita, fefsin ɗin da ya riga ya tashi kuma ya taya zare wa na bayansa. Asid ɗin ma wasu ƙwayoyin halitta daban ke fitar da shi, ba waɗanda ke yin fefsinojin ba.

To in ya tashi, me ya hana shi juyowa kan bango? Bangon tumbi a shafe yake da wani ruwa mai kauri da yauƙi, kaurin bai kai milimita ɗaya ba, kuma ƙwayoyin bangon suna ta tura baikabonet a ƙarƙashinsa, sinadarin da ke kashe kaifin asid. A saman yauƙin tsami ne tsantsa, a ƙasansa kuwa, inda naman yake, pH ya kusa 7, kuma a nan fefsin ba ya iya aiki. Bayan haka, ƙwayoyin da ke saman bangon ba sa wuce 'yan kwanaki, wasu sababbi ke maye gurbinsu. Duk wannan sai da jini mai gudana. In numfashi ya tsaya, babu mai ƙara yauƙi, babu mai tura baikabonet, sai abin da Hunter ya gani ya faru.

Da rai ma yana faruwa a ɗan wuri, shi ne gyambon ciki. Manyan dalilansa biyu ne. Ɗaya, magungunan kashe zafin ciwo irin su asfirin da ibuprofen in an yawaita su, don suna rage yauƙin nan. Ɗayan kuma ƙwayar bakteriya ce mai suna Helicobacter pylori, wadda ita ma da enzayim take yaƙi: tana da nata da ke samar da amoniya ya kashe asid ɗin da ke kewaye da ita, ta samu ta lafe a cikin yauƙin. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da bakinsa a 1984 ya kamu da kumburin tumbi. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Yaron zai so wannan labarin ma. A 1822, a tsibirin Mackinac na Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta samu wani saurayi ɗan Kanada, Alexis St. Martin, a gefen ciki. Ya rayu, amma ciwon ya warke ya bar rami har cikin tumbi. Likitan sojan da ya yi jinyarsa, William Beaumont, sai ya riƙa ɗaura guntun nama ko burodi a zaren siliki, ya zura ta ramin, bayan awa ɗaya ko biyu ya jawo ya duba. Ya kuma ɗebi ruwan tumbin ya zuba a kwalba da nama, ya ga a wajen jiki ma yana narkarwa in da ɗumi, in ya yi sanyi kuma aikin ya kusa tsayawa. Ya wallafa sakamakonsa a 1833, yana zargin akwai wani abu a ruwan nan ban da asid. A 1836 Theodor Schwann a Jamus ya gano fefsin. Ni dai duk lokacin da na karanta labarin, St. Martin nake tausayawa, mutum ana zura masa zare a ciki shekara da shekaru. Ya kai har 1880 a duniya da raminsa.

Amma inda littattafan yara kan yi wa tumbi kara ya wuce kima shi ne su sa a ɗauka a can ake gama komai. Fefsin datsawa kawai yake yi, manya-manya. Akwai waɗanda aka cire wa tumbi gaba ɗaya saboda ciwon daji, kuma suna narkar da nama, sai dai su ci kaɗan-kaɗan, su riƙa karɓar allurar bitamin B12 don tumbi ne ke yin abin da ake tsotsarsa da shi. Babban aikin a ƙaramin hanji yake, tun daga kan santimita 25 na farkonsa. Da abinci mai tsami ya sauko can, bangon hanji yakan saki wani saƙo cikin jini, sikiritin, wanda masana biyu, Bayliss da Starling, suka gano a Landan a 1902. Saƙon yana zuwa ga fankiriyas, doguwar gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, wadda mutane suka fi sani da insulin. Ita ke zubo ruwa kimanin lita ɗaya da rabi a yini, cike da baikabonet da zai kashe asid, da nata amiles da zai ɗora daga inda yawu ya tsaya, da laifes mai yanka maiƙo, da masu yanka nama waɗanda suka fi fefsin ƙarfi.

Su ma a toshe take fitar da su. Babbansu tirifsin, yana fitowa a matsayin tirifsinojin, kuma abin da ke buɗe shi wani enzayim ne da ke manne a jikin bangon hanji, ba ya yawo. Sai tirifsinojin ya iso hanji ya gogi bango zai tashi, shi kuma ya tayar da sauran. Ko da wani ya yi gaggawar tashi tun yana cikin fankiriyas, akwai wani ɗan furotin a can da aikinsa ke nan, ya danne shi. Ranar da wannan tsari ya karye, misali tsakuwar maɗaciya ta toshe bututun, ko giya ta yi yawa, sai fankiriyas ta fara narkar da kanta. Ciwo ne mai tsanani a saman ciki da ke sokawa har baya, kuma na gaggawa ne.

Ruwan maɗaciya da hanta ke yi ba enzayim ba ne, ko da yake ɗalibai kullum sai sun lissafa shi a ciki. Maiƙo ba ya gauraya da ruwa, laifes kuma a fatar ɗigon maiƙo kawai yake iya aiki. Ruwan maɗaciya ne ke fasa babban ɗigo ya zama ƙanana masu ɗimbin yawa, don laifes ya samu wurin kamawa.

Maganar madara da ƙwayoyi na bar wa Anti mai magani, na ga tana zauren.

Anti Mai Magani:

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya, ka jefo min ƙwallo. 'Yar'uwa, abin da kika kwatanta ya yi kama da ƙarancin wani enzayim mai suna laktes. Sukarin madara, laktos, ƙwayoyi biyu ne a haɗe, gulukos da galaktos, kuma laktes ne kawai ke raba su. Shi ba zubo shi ake yi ba, a manne yake a bangon ƙaramin hanji, tare da 'yan'uwansa masu raba sukarin shayi da gutsattsarin sitaci. Jariri yana da shi da yawa. Bayan yaye sai ya fara ja da baya, a hankali, shi ya sa kina yarinya ba ki ji komai ba. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke, don haka ba cuta ba ce. Waɗanda nasu ke ɗorewa har tsufa su ne 'yan tsiraru, galibi mutanen arewacin Turai da wasu al'ummomin makiyaya na Afirka da ƙasashen Larabawa.

Laktos ɗin da ba a raba ba yana wucewa babban hanji. Yana jawo ruwa, ga gudawa. Bakteriyar da ke can su yi ca a kansa su fitar da iska, ga ƙugi da kumburi. Ki daina madara mako biyu, ki sake sha, ki ga ko abin ya tafi ya dawo. Ba sai kin yi sallama da ita ba: ki gwada rabin kofi tare da abinci, ba da cikin wofi ba. Yogot ya fi sauƙi don bakteriyarsa suna taya aikin, busasshen cuku kuma kusan babu laktos a cikinsa. Akwai ƙwayar laktes zalla, tana aiki, amma sai an sha ta tare da kurɓin farko, ba bayan ciki ya fara ƙugi ba. Wannan daban yake da alaji na madara, mai zuwa da ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi; shi wannan furotin ɗin madara ne jiki ya ƙi, laktes ba ya yi masa komai.

Su kuwa kwalaben nan na "gyara narkewa" da ake talla, ki riƙe kuɗinki. Fankiriyas mai lafiya tana zubo abin da ya ninka buƙata. Sai aikinta ya faɗi ƙasa da kashi 10 cikin 100 kafin maiƙo ya fara fita a bayan gida. Masu buƙatar ƙarin enzayim na gaskiya suna nan: masu daɗaɗɗen ciwon fankiriyas, waɗanda aka yi wa tiyata a kanta, da masu ciwon gado na sistik faibirosis. Bayan gidansu fari-fari ne, mai maiƙo da wari, yana tasowa saman ruwa, ga rama duk da suna ci. Likita ke rubuta musu, kuma ƙwayar tasu a lulluɓe take da wani rufi da asid ba ya ci, don ta isa hanji da ranta.

Batun wai girki yana kashe enzayim ɗin abinci, e, yana kashewa, amma ba da shi muke narkar da abinci ba. Enzayim furotin ne, yawancinsa in ya shiga tumbi fefsin yanka shi yake yi kamar kowane nama. Girki ma taimako yake yi. An auna a jikin mutane an ga furotin ɗin ɗanyen ƙwai wajen rabi kawai ake tsotsa, dafaffe kuma sama da kashi 90 cikin 100. Ɗanyen wake har wani sinadari gare shi da ke danne tirifsin, wuta ce ke lalata shi. In kina son jin enzayim ɗin 'ya'yan itace yana aiki, ki ci ɗanyar abarba da yawa: zafin nan da harshe ke yi, har da na enzayim ɗinta da ke taɓa fatar bakinki. Ta gwangwani ba ta yi haka, don an dafa ta.

Amma in kin ga jini ko baƙin bayan gida, ko kina ramewa ba dalili, ko haɗiya tana miki wuya, wannan ba na zaure ba ne, ki je asibiti.

Uwar Tagwaye:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, ka bar maganar ruwan da Ɗan Baiwa ya kawo ba ka taɓa ba. Sannan wake fa? Shi ma yana kumbura min ciki, kuma babu ruwansa da madara.

Ɗan Baiwa:

Ni dai na gwada na ga amfani, Malam. Jikina ba zai yi min ƙarya ba.

Tsohon Malamin Kimiyya:

Ban ƙaryata jikinka ba, ɗana. Mai yiwuwa da kana cika ciki da ruwa a kan abinci har ya yi maka nauyi, ko ya taso maka da ƙwannafi, yanzu ka rage ka ji daɗi. Ka ci gaba. Dalilin da ka bayar ne ban karɓa ba. Tumbi yana auna tsaminsa da kansa, in ya ragu ya ƙara asid, ruwa kuma ya fi abinci saurin wucewa. Tsakanin yawu, ruwan tumbi, na maɗaciya, na fankiriyas da na hanji, jiki da kansa yana zuba wajen lita bakwai a kan abinci kowace rana, sannan ya tsotse kusan duka. Kofi ɗaya ko biyu ba za su rikita wannan ba. Kuma ka tuna da ƙwayar ruwa enzayim ke tsinke kowace mahaɗa.

Wake kuwa, 'yata, nan kowa da kowa ne, ba ke kaɗai ba. Akwai wasu ƙananan sarƙoƙin sukari a cikinsa, irin su rafinos, da babu ɗan Adam ɗin da ke da enzayim ɗin yanka su. Haka zaren ganye da dusar hatsi. Abin mamaki, zaren nan gulukos ne zalla kamar sitaci, juyin mahaɗar ne kawai ya bambanta, amma wannan ɗan juyin ya isa amiles ya kasa kamawa. Saniya ma ba ta da enzayim ɗin, ƙwayoyin da ke tumbinta ke yi mata. Mu namu suna babban hanji. Su ke cinye abin da ya gagare mu, su fitar da iska, amma tare da iskar suna fitar da wasu ƙananan asid na maiƙo da bangon babban hanji ke rayuwa a kansu. Don haka kada ki bar wake saboda tusa. Ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan, don wani kaso na sukarin nan yana fita a ciki, ki dafa ya nuna luguf. Ki fara da kaɗan ki riƙa ƙarawa. Masu cinsa a kai a kai sukan ga kumburin ya ragu bayan 'yan makonni.